Baki Ɗaya Ba Ya Aiki Huɗu: Nazarin Allon Ado da Ya Ƙone a Kan Injin CNC

Aikin da za a duba a nan allon ado ne na ratayewa a bango, tsawonsa milimita 400, faɗinsa 300, kaurinsa 20, an yanko shi daga busasshen maɗaci. A tsakiya akwai reshe da ganyaye da ake so su taso kamar sassaƙar hannu. A sama akwai babban rubutu, a ƙasa layi biyu na ƙananan haruffa. Za a kuma manna shi a kan farantin filawud mai kaurin milimita 12 wanda ya ɗan fi shi girma, ya zama masa firam.

Mai aikin ba kafinta ba ne. Ma'aikaci ne da ya haɗa ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, don sha'awa, irin wanda bel ke jansa, an ɗaura masa ƙaramar rautar hannu, na'urar da ke juya bakin yanka, a matsayin mota. Tare da injin ya sayi akwatin bakunan yanka masu yawa, sirara, yawancinsu masu kaurin milimita 3.175, wato ɗaya bisa takwas na inci. Ya ɗauki guda daga ciki, mai shafaffen kai da haƙora biyu, ya ce da shi zai yi komai.

Abin da ya fito ba ya kalluwa. Bangon ramin da ya kewaye ganyayen ya yi baƙi da ƙuna. Ganyayen sun fito hawa-hawa kamar matakala. Kusurwoyin haruffa sun dunƙule, ƙananan kuwa ba sa karantuwa. Gefen filawud na sama ya tsattsage. A wajen yanke kewayen allon kuma bakin ya karye. Hukuncin da ya yanke shi ne bakunan jabu ne, sai ya sayo masu tsada. Ban yarda da wannan ba, domin da ya sa baki mafi tsada a duniya mai wannan siffa da wannan saiti, abin da zai samu ke nan.

Ƙunar

Da ita aka fara, saboda ita ce ta fi nuna inda kuskuren yake. Da aka duba abin da injin ya zubar, gari ne lallausa, ba sassaƙe ba. Wannan kaɗai ya isa shaida. Baki mai yanka yana fitar da ƙananan sassaƙe da za ka iya ɗauka tsakanin yatsu, kuma su ne ke tafiya da zafin. Idan gari yake fitarwa, to goga katakon yake yi, zafin kuma ya zauna a jikin bakin da jikin katakon.

Lissafin ba shi da wuya. Ana so a san cizon kowane haƙori, wato kaurin abin da haƙori ɗaya yake ɗiba duk lokacin da ya zagayo. Ka ninka juyin mota a minti da yawan haƙora, ka raba gudun tafiyar injin da abin da ka samu. Mai aikin ya murɗa rautarsa zuwa ƙarshe, juyi 27,000 a minti, ya kuma rage gudun tafiya zuwa milimita 500 a minti don tsoron kada baki ya karye. Haƙora biyu sau 27,000 ya ba da 54,000. Raba 500 da wannan, cizon bai kai milimita 0.01 ba. Haƙorin ba ya samun abin kamawa.

Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne hankali yana ce masa a tafi a sannu, a ƙara juyi. A wannan aiki akasin haka ne ke ceton baki. Ƙananan rautocin da ake ɗaurawa a irin waɗannan injuna ma ba sa sauka ƙasa sosai: DeWalt DWP611 tana juyi daga 16,000 zuwa 27,000, Makita RT0701C daga 10,000 zuwa 30,000. Ga katako, rabin ƙasa na wannan ma'auni ne wurin zama, ba na sama ba.

Da aka zo sake aikin a allo na biyu, an canza zuwa baki mai kaurin milimita 6.35, kwatan inci, haƙora biyu. An sauke juyi zuwa 16,000, an ɗaga gudu zuwa 1,500. Cizon ya zama kusan milimita 0.047, ninki biyar na da. An bar zurfin kowane zagaye a milimita 2. Teburan lissafi na masu ƙera bakuna sukan ba da cizon da ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma don manyan injunan masana'anta aka rubuta su, masu nauyin ƙarfe da ba ya girgiza. Injin bel ba zai ɗauka ba. Dabarar da ke aiki ita ce a riƙe cizon ya yi kauri daidai gwargwado, a rage zurfi. Idan injin ya fara kuka ko rawa, zurfi ake ragewa, ba gudu ba.

A nan ne kuma ake gane dalilin da ya sa baki mai haƙora huɗu, wanda yake da kyan gani a hoto, bai dace da wannan inji ba. Don ya samu cizo iri ɗaya a juyi iri ɗaya sai an ninka gudu zuwa 3,000, kuma kwaroron da sassaƙe zai bi ya fita ya fi ƙunci. Masu haƙora huɗu na ƙarfe ne. Katako a ƙaramin inji, biyu sun wadatar, wani lokaci ɗaya ma.

Karyewar

Siririn bakin ya karye ne yana cikin rami mai zurfin kusan milimita 15, kuma an zaro shi daga mariƙinsa da tsawo sosai don ya iya ratsa milimita 20. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Lanƙwasuwar baki tana bin kaurinsa da tsawon da ya fito, kuma ba a hankali take bi ba. Idan ka raba kauri biyu, lanƙwasuwa ta ninka sau 16. Idan ka ninka tsawon da ya leƙo, ta ninka sau 8. Kabaid ɗin da ake ƙera bakunan da shi kuwa, wato garin haɗin tungusten da kabon da aka ɗaure da kobalt, yana da tauri ƙwarai amma ba ya jure lanƙwasa. Ba ya gargaɗi, ƙaras kawai za ka ji.

Don haka a kowane mataki sai a nemi baki mafi kauri da zai iya shiga wurin, mafi gajarta da zai iya kaiwa zurfin. Siriri na lungunan da babba ya kasa shiga ne. Yanke kewayen allo mai kaurin milimita 20 aikin kwatan inci ne.

An gano wani abu kuma da mai aikin bai lura da shi ba. Cikin bakunan da ya ƙaro daga baya akwai mai gindin milimita 6, mariƙin rautarsa kuwa na 6.35 ne. A ido ɗaya suke. Bambancin milimita 0.35 ne, amma mariƙin irin wannan rauta ba ya matsewa har haka. Bakin yakan zame a hankali yana nutsewa cikin katako, zurfi ya riƙa ƙaruwa ba tare da an umarce shi ba. Masu mota mai mariƙin ER11 ko ER20 sun fi samun sauƙi, tunda ana sayar da mariƙi na kowane girma, amma su ma sai sun sa na daidai. An ware wannan bakin gefe.

Sama ko ƙasa

Murɗin da ke jikin baki yana da alkibla. Wanda murɗinsa ya yi irin na bakin dirili yana ɗago sassaƙe sama, ya fitar da shi daga rami. Yana aiki da sanyi, ya kan bar ƙasan rami da kyau, amma yana ɗago jijiyar katakon da ke fuska, shi ya sa gefen sama yake tsattsagewa. Yana kuma jan allon sama, don haka ɗauri ya zama mai ƙarfi. Wanda murɗinsa ya juya ɗaya ɓangaren yana danna sassaƙe ƙasa: gefen sama ya fito tsaf, amma sassaƙen ya cushe a cikin rami.

Maɗaci ya ƙara wa matsalar gishiri, domin jijiyarsa a sarƙe take, tana juya alkibla daga wannan zirin zuwa wancan. Duk inda ka bi, wani sashe kana tafiya ne a kan gaba da ita. Shi ya sa aka raba aikin ramin gida biyu. Zagayen farko, mai zurfin milimita 1 zuwa 2, an yi shi da mai danna ƙasa don ya yanke fuskar da tsabta. Sauran zurfin aka kwashe da mai ɗagawa sama. An bar milimita 0.3 a jikin bango, aka zo daga ƙarshe aka share shi a zagaye ɗaya mai cikakken zurfi, wanda ya goge layukan da zagaye-zagayen baya suka bari. Canza baki a tsakiyar aiki yana da gajiyarwa, sai an sake auna tsayi kowane lokaci, amma ya fi zama da sanfefa ana neman gyara gefen da ya riga ya ɓalle.

Mai danna ƙasa yana da sharaɗi da ba a wasa da shi. Ba a soka shi tsaye cikin katako kamar dirili, domin sassaƙen ba shi da mafita. A gangare ake shigar da shi, kuma manhajojin da aka saba da su irin su VCarve da Autodesk Fusion suna da wannan zaɓi. A rami mai zurfi da ƙunci, cusasshen gari da zafi suna iya tayar da wuta ta gaske, mai ci a ƙarƙashi kafin a ga hayaƙi. Ba a kunna injin nan a fita.

A kan filawud an yi muhawara. Maganin da kowa ke ambata shi ne baki mai matsewa, wanda ƙarshensa yake ɗagawa sama, sauran jikinsa yake danna ƙasa, sai fuska biyun su fito da kyau. Gaskiya ne, amma da sharaɗin zagayen farko ya nutse ya wuce sashen nan mai ɗagawa, wanda a bakin kwatan inci yakan kai milimita da dama. In bai wuce ba, ka sayi mai ɗagawa sama ne da tsada, fuskar za ta tsage kamar da. Injin da ke jin daɗin milimita 2 a zagaye ba zai so a tura shi milimita 7 ko 8 a tashi ɗaya ba. A ganina wannan baki ba na wannan inji ba ne, sai dai ƙaraminsa mai gajeren sashen ɗagawa. Abin da aka yi shi ne yanke filawud ɗin da mai danna ƙasa tun daga farko har ƙarshe, an matse shi sosai a kan allon shimfiɗa mai laushin fuska, ana zuƙe gari ana tafiya. Allon shimfiɗar ya tallafi fuskar ƙasa. Ba ta kai ta sama kyau ba, amma ita ce ke kallon bango.

Rubutun

Shafaffen baki ba zai taɓa fitar da kusurwa mai tsini a cikin harafi ba, domin shi kansa zagayayye ne. Wannan aikin bakin V ne, wanda yake nutsewa inda harafi ya yi faɗi, ya taso inda ya tsuke har ya ƙare a tsini. Tambayar ita ce wace kusurwa.

Da mai digiri 90, zurfi rabin faɗi ne. Da mai digiri 60, zurfi ya kai kusan 0.87 na faɗi. Manyan haruffan allon suna da faɗin milimita 14 a inda suka fi kauri. Mai 90 zai nutse milimita 7, mai 60 kuwa ya haura 12, fiye da rabin kaurin allon, ga rami mai duhu da wuyar shafa wa fenti. Ƙananan haruffan kuma faɗin layinsu milimita 2 ne. Mai 90 zai ba su zurfin milimita 1 kacal, wanda sanfefa za ta cinye rabinsa, lanƙwasar ƙ da ɗ ta ɓace. Mai 60 zai ba su 1.7, inuwa ta zauna a ciki, a karanta daga nesa. Saboda haka bakin V biyu aka yi amfani da su a allo ɗaya. Wanda zai sayi ɗaya tilo, in ayyukansa ƙanana ne, ya ɗauki mai 60, ya sa wa manyan haruffa iyakar zurfi a manhaja, a share tsakiyarsu da shafaffen baki.

Bakin V ba ya yafe rashin daidaiton fuska. Da mai 90, idan wani gefen allon ya fi wani tudu da rabin milimita, layin da ke can zai fi faɗi da milimita guda cur. A manyan haruffa ba za a gani ba. A masu faɗin milimita 2 kuwa rabin faɗinsu ke nan. Allon mai aikin ya ɗan gantsare, da an sa masa bakin V a haka da layin ƙasa ya yi kauri a wani gefe ya shuɗe a wani. Aka share fuskar da faffaɗan bakin share fuska mai milimita 25, ana ɗiban abin da bai kai rabin milimita ba, kafin a taɓa rubutu. Ya kamata kuma kusurwar da aka gaya wa manhaja ta zama ita ce ta jikin bakin da gaske. In an rubuta 60 alhali bakin ya ɗan kauce, ko tsininsa ya dakushe, kusurwoyin haruffa sukan fito da ɗan kunne.

Ganyayen

Nan ne aka fi daɗewa. Sassaƙa mai tudu da kwari tana buƙatar mataki biyu. Da farko a kwashe yawan katakon da shafaffen kwatan inci, a bar kamar rabin milimita a saman siffar. Sannan a zo da baki mai dunƙulen kai, ya riƙa kai da kawowa layi bayan layi har siffar ta fito.

Tsakanin kowane layi biyu akwai ɗan tudu da bakin ya bari, kuma tazarar layukan ce ke yanke tsayinsa. Da mai dunƙulen kai na milimita 3.175, idan tazarar ta kai kashi 40 cikin ɗari na kaurinsa, tudun zai kai kusan milimita 0.13, abin da ido ke gani, yatsa ke ji. Idan aka sauke ta zuwa kashi 10, tudun ya koma wajen 0.008. Ka rage tazara sau huɗu, tudu ya ragu kusan sau 16, lokaci kuma ya ninka sau huɗu. Wannan cinikin yana da riba har zuwa wajen kashi 8 ko 10. Ƙasa da haka lokaci kawai ake ƙonawa, domin gashin katakon ya riga ya fi tudun girma.

Mai aikin ya so ya yi amfani da mafi siririn da yake da shi don jijiyoyin ganye su fito. Aka yi masa lissafi. Filin sassaƙar milimita 150 ne kowane gefe. Da bakin 3.175 a tazarar 0.32, layuka kusan 470 ne, tafiyar mita 70, wajen minti 47 a gudun 1,500. Da mai kan milimita 1.5 a tazarar 0.15, layuka 1,000 ne, mita 150, minti 100. Wannan kuma a takarda ne, tunda hawa da sauka suna rage gudu. Mai rabin milimita zai cinye yini. Da aka ƙara girman zanen a kwamfuta aka duba, babu lungun da ya fi ƙarfin mai 1.5, sai aka tsaya a kansa.

Siffar da aka zaɓa ita ce mai tsukewa, wadda take da kauri a gindi ta riƙa sirancewa har zuwa ɗan dunƙulen kai. Tana da ƙarfi ninkin-ba-ninkin a kan miƙaƙƙen siriri mai kai iri ɗaya, shi ya sa ba ta cika karyewa ba. Aibinta shi ne ba ta iya fitar da bango a tsaye cak, kullum da ɗan jingina. Ga ganye da reshe wannan ba aibi ba ne. Cikin duk abin da aka saya don wannan aiki, ita ce ta fi cancantar kuɗinta.

Gashin da maɗaci ya tayar bai tafi gaba ɗaya ba, ko da sabon baki. An gwada alkiblar layuka a kan guntun da ya rage daga allon, bin jijiya da kuma karkata digiri 45, aka ɗauki wadda ta fi tsabta. Bayan an gama aka shafa siririn shelak, wani irin ruwan shafen katako, ya bushe, gashin ya ƙage, aka bi shi da burushi mai tauri da sanfefa mai laushi.

Abin da ya rage a kan tebur

Allo na biyu ya fita da bakuna shida: mai share fuska, kwatan inci mai ɗagawa sama, kwatan inci mai danna ƙasa, V mai 90, V mai 60, da mai tsukewa mai kan 1.5. Daga babban akwatin farko ba a taɓa ko ɗaya ba, ko da yake siraransa za su yi rana a ƙananan ramuka da lunguna. Ba a kula da launin rufin da ake yi wa wasu bakuna ba, shuɗi ko ruwan zinariya. A aikin sha'awa kan katako, kaifi da tsabta sun fi rufi tasiri. Bakin da ya yi baƙi sau da yawa ba dakushewa ya yi ba, ƙaro ne ya daskare masa, in an jiƙa shi da ruwan wanke bakuna aka goge da burushi sai ya dawo. Wanda zai riƙa yankan MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, shi ne ya kamata ya sa ran saurin dakushewa, saboda gam ɗin da ke cikinsa yana cin kaifi, ƙurarsa kuma ba a shaƙarta ba tare da takunkumi ba.

Aibi ɗaya ya saura a allo na biyu: siraran layuka a ƙasan ramin da ya kewaye ganyayen, masu tazara iri ɗaya, farce yana kama su ta gefe guda. Mai aikin ya sake zargin baki. Amma tun a wajen share fuska faffaɗan bakin ya nuna irinsu, sun ma fi fitowa, domin faɗinsa yana ƙara girman duk wata karkata. Rautar ce ba ta tsaya cak a kan teburin ba, ta ɗan sunkuya gaba. Aka sassauta ƙusoshin mazauninta, aka cusa siririn gwangwani a bayan gefen ƙasa, aka share guntun katako aka shafa da yatsa, aka ƙara wani, har tudun ya daina kama farce.